Kafin ka ɗauki hula ka nufi makaranta

Ran wata Laraba na dawo daga kasuwa na tarar da ɗana, ɗan aji huɗu na firamare, yana cin tuwo da hagu. Tafin damansa ya kumbura, ga shatin bulala har uku. Laifinsa, in ji shi, bai kai kuɗin tsintsiya ba. Nan take ƙanena ya ce da sassafe mu je mu wanke malamin tas a gaban ɗalibai. Hajiya kuwa, daga kan tabarmarta, cewa ta yi, "Ku bar yaro da malaminsa. Inda bulalar malam ta taɓa, wuta ba ta ci."

Yawancinmu iyaye tsakanin waɗannan biyun muke kai-kawo: ko mu haɗiye, ko mu je mu tada jijiyar wuya. Ni dai na bari na kwana. Amma kafin in kwanta na ɗauki hoton hannun da waya, na rubuta rana da sunan darasin a bayan wani tsohon rasit. Sannan na aika aka kira ɗan maƙwabcinmu da suke aji ɗaya, na tambaye shi shi kaɗai. Ashe labarin da saura. Maganar tsintsiya gaskiya ce, amma gogan nawa ya manta bai gaya mini ya fasa wa wani yaro leɓe ba. Da na bi shawarar ƙanena, da ni zan dawo da kunya.

Da safe ban nufi aji ba, ofishin hedimasta na wuce. Bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, ba faɗa ya kawo ni ba. Ga hannun yaro, ga abin da ya ce, ga kuma nasa laifin. Ina so in ji ta bakin Malam." Aka kira shi. Saurayi ne, alli duk ya ɓata masa riga, ajinsa kuwa da na leƙa daga baya, yara har bakin allo a zaune a ƙasa. Wannan bai halatta masa kumbura hannun ɗan mutane ba, kuma na faɗa masa haka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, hannuna ya yi nauyi." Hedimasta ya rubuta a littafinsa, ya kuma ce shi bai san da wani kuɗin tsintsiya ba.

Tawa ta ƙare a nan, amma ba kowa ke dacewa ba. In hedimasta ya yi ta ce maka gobe, jibi, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kuma kwamitin kula da makaranta, SBMC, wanda ke da wakilan iyaye da mata da masu faɗa a ji na unguwa. Sau da yawa maganar mai unguwa ko liman ta fi takarda saurin aiki. In nan ma shiru, a makarantar firamare ta gwamnati sai ka je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga shi sai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Babbar sakandare tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ko hukumar makarantun sakandare. Makarantar kuɗi ma, komai faɗin ran mai ita, daga gwamnatin jiha ta samu izinin buɗewa, can ake kai ƙararta.

Da zarar magana ta bar ofishin hedimasta, ka daina ta baki. Rubuta takarda shafi ɗaya: me ya faru, yaushe, wa ya gani, me kake so a yi. Ban da zagi, ban da "an ce". Ka yi kwafi biyu, a buga wa taka hatimin karɓa, ka adana. Mutane ƙalilan ne suka san akwai hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, mai kwamitin bincike da na ladabtarwa, har tana da ikon soke rajistar malami.

Akwai dai abin da ba a bin wannan tsani a kansa. In an taɓa mutuncin yaro ko yarinya, ko an yi masa rauni mai tsanani kamar a ido, asibiti ake fara zuwa, sai 'yan sanda. Kada wani dattijo ya zaunar da kai a zaure da sunan rufin asiri. Kada kuma ka garzaya Facebook da sunan malami da fuskar ɗanka. Kana iya wayar gari kai ake tuhuma da ɓata suna, yaron kuma ya zama abin nuni a unguwa.

Abin da ya fi hana iyaye magana shi ne tsoron kada malam ya huce a kan yaro. Ni ma na ji tsoron, shi ya sa na gaya wa hedimasta ƙarara, na ce in na ga alama zan nemi a sauya masa aji. Wata guda ina duba littattafansa kullum bayan magariba. Ban ga komai ba, sai jan biro a lissafi, wanda kuma ya cancanta.