Saƙon Noman Wiwi a Tankin Kifi

Kwanakin nan wani saƙo yana ta zagaya zaurukan WhatsApp na mutanenmu. Daga zauren tsofaffin ɗalibai ya faɗa na 'yan kasuwa, daga can ya shiga na matasa masu kiwon kifi. Bidiyon wani Bature ne a ɗakinsa, ga tankin gilashi irin wanda ake zuba kifin ado, ga tsirrai kore shar a samansa, sai aka ɗora muryar wani da Hausa yana bayani. Wai sabuwar hanyar noman wiwi ke nan a cikin gida. Wai ba ta wari, ba ta bugarwa kamar ta daji tunda ruwan kifi ta sha, kuma maganin asma ce da ciwon suga da ciwon daji. Sannan ya rufe da cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi, saboda haka wanda ya shuka ɗaya ko biyu a ɗakinsa babu dokar da za ta taɓa shi.

Mai muryar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba. Ya san abin da ya taka.

Akwai gaskiya guda a cikin maganar, kuma ita ce ta sa sauran suka shiga kunnen mutane. Haɗa kiwon kifi da noma abu ne sananne. Kashin kifi yana fitar da sinadarin amoniya, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su mayar da shi takin da saiwa ke sha, tsiron kuma ya tace ruwan ya koma wa kifin. Ana noman latas da tumatir ta wannan hanya a ƙasashe da dama. Duk mai kiwon tarwada da ke juye ruwan kifinsa a gindin alayyahu ya san ganyen yana yin kyau. Har nan babu gardama.

Sauran kuma ba sa bukatar dogon bayani. Wiwi idan ta fara fure warinta yana cika gida ya tsallaka katanga, gilashi ba ya tare shi. Sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC, tsiron ne da kansa yake samar da shi, babu ruwansa da ko daga ƙasa ya ci abinci ko daga ruwan kifi. Hasali ma wiwin da ake nomawa a ɗaki a Turai da Amurka ta fi ta daji ƙarfi nesa ba kusa ba, ita ce irin wadda samari ke kira Loud. Batun magani kuwa, gaskiya ne an samu magunguna daga wannan tsiro: a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani, akwai kuma wanda ake ba masu ciwon daji don rage tashin zuciya. Waɗannan magunguna ne da aka tace aka auna, likita ke rubuta su. Babu wani binciken da ya nuna zuƙar hayaƙin ganye yana warkar da ciwon daji ko ciwon suga, kuma mai asma da hayaƙi sai dai a yi shiru. Wanda ya ce ai ganye ne da Allah ya halitta, ya tambayi kowane malami hukuncin abin da ke gusar da hankali.

Maganar doka ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ita ce za ta iya kai ɗan mutane gidan yari.

Abin da ya faru a Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne wannan. Ranar 2 ga Disamba 2020, hukumar Majalisar mai kula da miyagun ƙwayoyi ta zauna a birnin Biyana, ta kaɗa ƙuri'a kan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙasashe 27 suka yarda, 25 suka ƙi, aka cire wiwi daga rukuni na huɗu na yarjejeniyar miyagun ƙwayoyi ta 1961, wato rukunin ƙwayoyin da ake ganin haɗarinsu ya yi yawa amfaninsu a likitance kuma kaɗan ne. Amma an bar ta a rukuni na ɗaya, inda hodar ibilis take, rukunin da ake sa wa ido sosai. Ma'anar ƙuri'ar ita ce an yarda ana iya samun magani a jikinta, a sauƙaƙa wa masu bincike. Ba a halatta wa kowa sha ko shuka ba. Najeriya ma tana cikin waɗanda suka ƙi amincewa. Kuma ko da ta amince, ƙuri'ar Biyana ba ta goge dokar wata ƙasa. Majalisar dokokin ƙasar ko kotunta ce ke da wannan iko.

To me dokar tamu ta ce? Tun 1966, zamanin mulkin soja na farko, aka yi dokar da ta haramta noman wiwi, kuma a lokacin hukuncin mai shuka ya kai har kisa. A 1989 aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda Buba Marwa yake shugabanta tun 2021. Dokar hukumar ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai noman ƙwaya, ta tanadi shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ita a hannunsa yana sane. Babu inda ta ce tsiro ɗaya ko biyu an yafe. Babu inda ta bambanta gona a dajin Ondo da tankin gilashi a ɗakin saurayi a Kurna. Gaskiya ne alƙalan Babbar Kotun Tarayya sukan sassauta wa mai laifin farko da aka kama da ɗan kaɗan, wani lokaci har da zaɓin tara. Amma sassauci na alƙali ne, ya ga dama ya yi, ya ga dama ya ƙi. Kafin a kai ga gabansa ma an sha zaman tsare, an sha kuɗin lauya, sunan gida ya fita a unguwa. Bayan an fito kuma tabon yana nan, ya tare mutum a wurin neman aikin gwamnati da neman biza, kai har wurin neman aure.

Akwai abin da iyaye da masu gidajen haya ya kamata su sani. Dokar ta haɗa da mai gida ko mai kula da shi da ya bari aka ajiye ƙwaya ko aka sarrafa ta a cikinsa, kuma hukuma tana iya neman kotu ta ƙwace kadarar da aka yi amfani da ita. Dattijon da ya ga ɗansa ya shigo da tanki da fitilu ya ce yaro ya samu sana'a, shi ma sai ya yi bayani ranar da jami'ai suka ƙwanƙwasa ƙofa.

Baturen da ke cikin bidiyon wataƙila bai karya dokar ƙasarsu ba, kuma a nan ruɗanin yake. Uruguwai ta halatta wiwi a 2013. Kanada ta bi sahu a Oktoban 2018, dokar tarayyarta ta yarda gida ɗaya ya shuka tsiro huɗu. Jamus ta yarda baligi ya shuka uku daga 1 ga Afrilu 2024. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ce a 2018 ta ce ba laifi ba ne baligi ya shuka don kansa a keɓe. 'Yan uwanmu na zangon Gana su lura: abin da dokarsu ta buɗe shi ne noman nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, don masana'antu da magani, kuma sai da lasisi. A Nijar haramun ne kamar yadda yake a Najeriya. A nan gida marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya yi ta kiran a halatta nomanta don magani da fitarwa waje, an kuma kai ƙudurori Majalisar Wakilai. Kira ne da ƙuduri, ba su zama doka ba.

Ban ga laifin waɗanda suka gaskata ba sosai. Mutum ya ji a rediyo Jamus ta halatta, ya ji an ambaci Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ga murya da harshensa tana haɗa masa biyu da biyu. Wani yana da mahaifiya kwance da ciwon daji, kuɗin asibiti ya gagare shi. Wani ya gama digiri yana zaman kashe wando, aka ce masa ga sana'a a cikin ɗaki. Haushina yana kan wanda ya san bambancin dokar Kanada da ta Kano ya yi shiru a kai, da kuma masu ilimin cikinmu da suka tura saƙon gaba da ɗan rubutun “ku duba ku gani” don su wanke hannunsu.

Ga lafiya kuma, abin da bincike ya tabbatar ya isa a yi hattara. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shan wiwi yana kamuwa da jarabarta, adadin ya fi haka ga wanda ya fara yana matashi. Wani babban bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya nuna masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen fuskantar taɓin hankali, masu shan nau'i mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Ba kowane mashayi ne ke zaucewa ba, amma babu mai sanin kansa tun kafin abin ya same shi.

Shugabannin zauruka, ku goge saƙon, ku gaya wa wanda ya turo dalili. Wanda kuma ɗansa ko ƙanensa ya riga ya faɗa shaye-shaye, asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri suna karɓar masu wannan matsala, a kai shi tun da wuri.