Shirin Musamman: Rage Ƙarfin Wuta Domin Rage Kuɗin Haske, da Matsayinsa a Kaduna ta Arewa

Shirin na yau zai duba wata dabara da injiniyoyin lantarki suka daɗe suna aiki da ita a ƙasashen Turai da Amurka, wato rage ƙarfin wutar da ke shiga gini domin fitilu su ci kuɗi kaɗan, sannan ya auna ko za ta amfani mai gida a Kawo ko Unguwar Dosa, da mai shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Tambayar ta ƙara nauyi tun watan Afrilu na shekarar 2024, lokacin da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit.

Kafin a shiga batun, akwai kalmomi uku da ya kamata a rarrabe. Ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt, shi ne turin da ke sa lantarki ya gudana a cikin waya, kamar yadda matsin ruwa yake tura shi a cikin bututun famfo. Wat kuwa shi ne yawan wutar da na'ura take ci a yayin da take aiki, yunit kuma, wanda mita take ƙirgawa kuma a kansa ake biyan kuɗi, shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. A Nijeriya ƙa'idar wutar gida bolt 230 ce.

Dabarar ta samu karɓuwa ne a wuraren da wuta take zuwa da ƙarfi fiye da buƙata. A Ingila an daɗe ana raba wuta a kan bolt 240, kuma ko da aka daidaita ƙa'idar da ta sauran ƙasashen Turai zuwa bolt 230 a shekarar 1995, a takarda aka sauya lambar, wutar da ke isa gidaje ta ci gaba da zuwa kusan yadda take a da. Saboda haka masana'antu da asibitoci da makarantu suka riƙa sanya wata ƙaramar taransifoma a mashigar wutar gininsu, wadda take saukar da ita zuwa wajen bolt 220. A Amurka kuwa kamfanonin rarraba wuta ne da kansu suka rungumi rage ƙarfinta daga tashoshinsu, musamman bayan tashin farashin man fetur na shekarar 1973.

Ko dabarar za ta yi riba, wannan ya danganta da irin fitilar da ke rataye a ɗaki. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, wanda yake yin zafi har ba ya taɓuwa, yana bin ƙarfin wuta sau da ƙafa: idan aka rage ƙarfin da kashi 10 cikin ɗari, wutar da yake ci takan ragu da kimanin kashi 15, kuma zarensa yakan daɗe ƙwarai bai tsinke ba. Sai dai haskensa yakan faɗi da kusan kashi 30, ya koma ja-ja, ma'ana abin da aka rasa na haske ya ninka abin da aka tsira da shi na kuɗi. Doguwar fitila mai cok da sitata, da fitilun titi masu ruwan ɗorawa da aka saba gani a manyan hanyoyi, su ne dabarar ta fi dacewa da su, domin ana iya kunna su da cikakken ƙarfi, bayan sun kama a sassauta wutar idan dare ya yi nisa kuma ƙafa ta ɗauke.

Ƙwan LED, wanda a yau ya mamaye shagunan kayan wuta, al'amarinsa dabam ne. A gindinsa akwai wata 'yar na'ura da ke daidaita wutar da ke isa ga ƙwayoyin haske, ta yadda idan ƙarfin da ke shigowa ya ragu sai ta ƙara jan wuta domin ta cike giɓin. Mai saye zai ga an rubuta a jikin kwalin wasu cewa suna aiki daga bolt 85 zuwa 265, kuma ƙwai mai inganci irin wannan wat ɗinsa kusan ɗaya ne ko wuta ta zo da ƙarfi ko ta zo a raunane. Wanda ya sayi na'urar rage ƙarfi saboda irin waɗannan fitilu ya yi asarar kuɗinsa.

Babban abin lura shi ne halin da wutar Kaduna take ciki. Wuta tana isowa tashar Mando ta manyan layukan bolt 330,000, ciki har da wanda ya taso daga madatsar Shiroro a Jihar Neja, daga nan a riƙa saukar da ita mataki-mataki zuwa 132,000 da 33,000 da 11,000, har ta kai ga taransifomar unguwa, inda kamfanin Kaduna Electric, mai kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, yake raba ta ga gidaje. Duk tsawon wayar da wuta ta bi ƙarfinta raguwa yake yi, kuma raguwar takan tsananta idan gidajen da ke kan taransifoma ɗaya sun fi ƙarfinta, ko wayar ta yi siriri, ko an cika wa fes ɗaya, wato ɗaya daga layukan da ke fita daga taransifomar, kaya an bar sauran biyun. Shi ya sa a unguwanni masu cunkoso, da zarar an idar da sallar magariba kowa ya kunna kayansa, sai fanka ta koma juyi a hankali, doguwar fitila ta yi ta ƙifta ido ba ta kama ba, sitabilaiza ta shiga ƙara tana neman ɗaga wutar, jama'a su ce yau lo-karan aka kawo. Gidan da yake ƙarshen layi an riga an rage masa ƙarfin wuta ba tare da ya nema ba, kuma ƙara rage ta zai cutar da firji da injin jan ruwa, domin motar lantarkin da ke juya su idan ba ta samu isasshen ƙarfi ba takan ƙara jan wuta, ta yi zafi, ta ƙone.

Lissafi zai fayyace inda riba take. A ɗauki tela a Tudun Wada mai tsofaffin ƙwayaye goma masu wat 60, yana kunna su awa shida kowane dare: yunit 108 ke nan a wata, wato naira 24,300 a farashin da aka ambata. Idan ya rage ƙarfin wuta da kashi 10 zai tsira da kimanin naira 3,600, amma zai riƙa lalube wajen zura zare a allura. Idan kuwa ya maye gurbinsu da LED masu wat 9, waɗanda haskensu ya yi daidai da na tsofaffin, abin da zai ci a wata bai wuce yunit 17 ba, kuɗinsa duka bai kai naira 4,000 ba, kuma haskensa yana nan yadda yake. Wannan lissafi na mai mita ne kawai, domin wanda ake kawo wa takardar kuɗin ƙiyasi, ko ya rage cin wuta ba lallai ya gani a takardarsa ba, abin da ke karya gwiwar masu son tsimi.

Duk da haka dabarar tana da gurbinta. Babban gini, kamar otal ko makaranta ko asibiti, da ke da taransifomarsa ta kansa ko yake dab da ta unguwa, yana iya samun wuta sama da bolt 240, musamman cikin tsakar dare, kuma alamar hakan ita ce yawan mutuwar ƙwayaye. Yawancin taransifomomi suna da makunnin daidaitawa mai hawa-hawa da ke ɗaga ƙarfi ko saukar da shi da kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, sai dai wannan aikin injiniyoyi ne, da sanin kamfanin rarraba wuta, kuma sai an kashe taransifomar gaba ɗaya. Kada wani ya ɗauko mai wayarin ya taɓa ta unguwa, domin bayan haɗarin rai, abin da ya sauƙaƙa wa gidan farko zai jefa na ƙarshen layi cikin duhu.

Saboda haka shirin yana kira ga duk wanda aka tallata wa na'urar rage kuɗin wuta da ya fara kiran ƙwararren mai gyara ya auna masa ƙarfin wutar gidansa da rana, da magariba, da kuma tsakar dare. Idan awon bai haura bolt 230 ba, ya bar na'urar, ya sa kuɗin a ƙwayayen LED masu inganci, ya nemi mita, ya kuma riƙa kashe fitilun waje da zarar gari ya waye.