Shirin Musamman: Karayar Kwarmin Kwatangwalo da Yadda Ake Gyara Ta

Kwarmin kwatangwalo shi ne gurbin da kan ƙashin cinya ke zama a ciki yana juyawa, kuma ta nan nauyin jiki ke sauka zuwa ƙafa. Ƙashi ne mai ƙwari, don haka a jikin matashi ba ya karyewa sai da bugu mai tsanani: haɗarin mota irin wanda aka saba ji a Hawan Kibo, ko faɗowa daga gini. Sau da yawa gwiwar mai zama a gaba ce ke dukan gaban motar, ƙashin cinya ya koma baya da ƙarfi, ya fasa bangon kwarmin na baya. Tsoho mai raunin ƙashi kuwa, santsi a banɗaki ya ishe shi.

Wanda abin ya same shi a Dilimi da ke Jos, asibitocin da ke kusa su ne Jankwano, Asibitin Ƙwararru na Filato, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, wasu kuma har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ake kai su. Ana fara duba zubar jini a cikin jiki. Idan kan ƙashin cinya ya goce, ana so a mayar da shi cikin awa shida, don kada jinin da ke ciyar da shi ya yanke. Daga nan sai hoton ƙashi da hoton CT.

Likitoci biyu 'yan Faransa, Robert Judet da Emile Letournel, su suka kasa wannan karaya gida goma a 1964, kuma da rabonsu ake aiki har yau. Idan ɓangarorin ba su motsa ba, hutu da sanda sun wadatar. Idan sun rabu fiye da milimita 2 a inda nauyi ke sauka, sai tiyata. Likita na shiga ta ɗuwawu ko ta mara, ya mayar da kowane ɓangare wurinsa, ya ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Kanikawan Dilimi sun san cewa boris ba ya daɗewa idan gidansa ya yi kaushi. Haka guringuntsi yake cinyewa idan an bar ɗan tudu a kwarmin.

Nan ne lokaci ke da tsada. Bayan mako uku ƙashin ya fara haɗewa a karkace, aikin ya ƙara wuya, sakamakon ya ragu. Masu ɗori na da farin jini, kuma kuɗinsu da sauƙi, amma wannan ƙashi yana can ƙarƙashin nama mai kauri, inda hannu ba ya kaiwa kuma kara ba ya ɗaurewa. Makonnin da aka yi a wurinsu su ne makonnin da likita ya fi buƙata.

Likitan Amurka Joel Matta ya ba da rahoto a 1996 kan karaya 262 da aka yi wa tiyata cikin mako uku: kashi 76 cikin ɗari sun samu sakamako mai kyau, kuma waɗanda ƙashinsu ya koma daidai sun fi kowa morewa. Binciken da ya biyo baya a 2012 ya nuna kusan kashi 79 cikin ɗari na riƙe da kwatangwalonsu na asali bayan shekara 20.

Jinyar tana da tsawo. Majinyaci ba ya ɗora nauyi sosai a ƙafar tsawon mako 8 zuwa 12, ana ba shi maganin hana daskarewar jini, ana kuma yi masa gashin ƙashi. Wasu kan samu raunin babbar jijiyar bayan cinya, ƙafa ta riƙa ja a ƙasa. Wasu ƙashi kan tsiro musu a cikin nama, gaɓar ta sandare. Wanda amosanin gaɓa ya kama daga baya, ana iya cire gaɓar a sa masa ta ƙarfe.