Samarinmu Masu Gyaran Sanyi, Ku San Mazaunin Bawul

Jama'a, tun da aka rushe tsohon Zongo a shekarar 1977 aka mayar da iyayenmu Agoè, bakin hanyar da ta nufi arewa, tsakiyar Lome ta cika da dogayen benaye na bankuna da ofisoshi. Otal ɗin 2 Février kaɗai, wanda aka buɗe a 1980 aka kuma sake buɗe shi a 2016 bayan gyara, tsawonsa ya kai wajen mita 100. Yau kuwa cikin samarinmu na Zongo akwai masu koyon gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma burin kowannensu ya sami shiga aikin irin waɗannan gine-gine, domin can ne abinci yake.

To, amma sanyin babban bene dabam yake da na akwatin da muke maƙalawa a bango. Galibi akan ajiye babban inji guda a ƙasa ko a kan rufi, yana sanyaya ruwa zuwa kamar digiri 7. Famfo ya tura ruwan cikin bututu zuwa kowane hawa, a kowane ɗaki fanka ta hura iska ta kan bututun, sa'an nan ruwan ya komo yana kamar digiri 12, a sake sanyaya shi. Watau ruwa ɗaya ne ke zagaya ginin duka. Abin da ke tsare shi ko ya sake shi kuwa shi ne bawul, wanda masu aikin nan garin suka fi sani da sunansa na Faransanci, vanne.

Kowace na'urar ɗaki tana bukatar bawul biyu na rufewa, ɗaya a bututun shiga, ɗaya a na fita. Mai son rage kuɗi yakan sa guda ɗaya ya ce ya isa. Bai isa ba. Ranar da na'urar ta lalace, in an rufe shiga, ruwa zai biyo ta fita ya kwararo, sai dai a zubar da ruwan hawan duka, ko ma na ginin, a bar mutane cikin zafi saboda gyaran ɗaki guda. Haka kuma kowane hawa ya kamata ya sami nasa bawul a daidai inda reshensa ya rabu da babban bututu. Kada a manta ruwa yana da nauyi: kowace mita 10 ta tsayi tana ƙara matsi kamar bar 1, saboda haka a gindin bene mai mita 100 matsin ya kai wajen bar 10. Wanda ya kwance haɗi a nan bai rufe komai ba, Allah ya kiyaye.

Sauran kuma kowanne da mazauninsa. Mataci yana zama kafin famfo, don ya tare tsatsa da yashi. Bawul mai hana ruwa komawa baya yana zama bayan famfo. Na fitar da iska sai a can ƙololuwar bututu, domin iska sama take taruwa, in ta taru kuwa ruwa ba ya wucewa. Na zubar da ruwa kuma a wuri mafi ƙasa. Akwai kuma na daidaita rabo, wanda akan sa a bututun komowa. Ba don shi ba, ɗakunan da ke kusa da famfo za su kwashe ruwan, na nesa su zauna suna gumi, mai gini yana zargin inji alhali inji lafiyarsa lau.

Inda muka fi ganin sakaci shi ne wajen ɓoye bawul. Sai a sa shi daidai a kan takarda, amma a rufe shi cikin silin ba ƙofar leƙawa, ko a manna shi jikin bango har hannu ba ya iya juya shi. Wannan da babu duk ɗaya ne. Ga kuma iskar Lome mai laima da gishirin teku. Ƙarfe mai sanyin digiri 7 a cikin wannan iska zufa yake yi kamar kwalbar da aka fito da ita daga firji. Ana naɗe bututu da soso, a bar bawul tsirara don wai yana da wuyar naɗewa, nan ne ruwa zai riƙa ɗiga har silin ya yi baƙi, bawul ɗin ya ci tsatsa ya ƙi motsi a ranar da ake nemansa.

Saboda haka muna kira ga iyayen da suka kai yara koyon wannan sana'a, su tambayi maigidan yaron ko yana koya masa karanta zanen bututu. Yaron da ya iya cika gas kaɗai zai tsaya kan ƙananan na'urori na gidaje. Wanda kuwa zai iya bin zane da yatsa ya nuna bawul ɗin da za a rufe kafin a taɓa sukurudireba, shi ake miƙa wa mabuɗin ɗakin inji.