Tawadar da ke kan ledar abinci: abin dubawa kafin a biya mai bugu

Daga Maraɗi har Yamai, masu sana'ar ruwan leda, kilishi da garin kunu sun rungumi leda mai ɗauke da sunansu. Sai dai wajen ba da odar, an fi tattauna kala da farashi, a manta da tawada. Ga shi kuwa ita ce ke iya ɓata kaya ko ta shiga cikin abinci.

Akasarin waɗannan ledoji da fileksogarafi ake buga su: faranti mai laushi kamar roba yana ɗaukar tawada mai ruwa-ruwa, ya manna ta a kan leda tana gudu cikin inji. Tawadar kashi 3 ce. Mai haɗin ruwa ta fi dacewa da takarda da kwali, don suna tsotse ta. Mai haɗin sinadari dangin alkol ita ta fi kama leda, amma in ba ta bushe sosai ba, warinta na komawa cikin abinci. Ta ukun da hasken UV take daskarewa nan take, an fi amfani da ita a takardun da ake liƙawa jikin kwalba.

Haɗarin ba zato ba ne. A 2005, an janye miliyoyin litar madarar jarirai a Italiya, bayan an gano sinadarin ITX na tawadar UV a ciki. Lokacin da aka naɗe kwalin da aka buga, gefen rubutu ya taɓa gefen da zai riƙe madarar. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta hana gefen da aka buga ya taɓa abinci kai tsaye. A nan gida, mai na kilishi da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 suna ƙara saurin ratsawar sinadarai, don haka abinci mai maiƙo ya fi son leda mai ruɓi 2, tawada a tsakiya.

Ita ma ledar sai an gyara fuskarta da wutar lantarki kafin bugu, in ba haka ba tawada ba ta zama. Wannan gyara yana raguwa in leda ta daɗe a ajiye.

Saboda haka, ka nemi samfur tukuna. Manna salatif a kan rubutun ka fizge: in kala ta biyo shi, kar ka karɓa. Goga shi da ɗan man gyaɗa, ka saka wani cikin ƙanƙara ya kwana. Rufe ɗaya a kwalba, ka ajiye a rana, ka buɗe ka shinshina. Sannan ka nemi takardar shaidar cewa tawadar ta kayan abinci ce. Ranar da rubutu ya zuba a hannun mai saye, sunan da ke kan ledar zai tuna, ba na mai bugu ba.