Jirgin Yaƙi a Kan Tebur: Sassaƙa Samfurin Jiragen Ruwa na Da da Lissafin da Ke Cikinsa

Duk wanda ya taɓa fere kara ya ƙera mota yana yaro ya san cewa aikin yana da ƙa'ida. In ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma motar ba za ta miƙe ba, in kuma aka yi wa kanta girma sai sauran yara su yi dariya, domin ido ya san yadda mota take. To, a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai dattawa da matasa da suka ɗauki irin wannan aiki a matsayin abin sha'awa, sai dai su jiragen ruwa na da suke ƙerawa da katako, wato jiragen nan masu filafilai waɗanda iska ke turawa kafin zuwan inji. Mutum yakan shekara uku ko biyar a kan jirgi ɗaya wanda tsawonsa bai wuce na teburin malami ba.

Al'adar ta daɗe. A shekarar 1920 masu tonon kayan tarihi sun buɗe wani ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafada na ƙasar Masar, suka tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu, waɗanda aka sassaƙa shekara wajen 4,000 da suka wuce. Aka raba su tsakanin gidajen tarihi na Alƙahira da Niyok. Amma salon da masu wannan sha'awa suka fi koyi da shi a yau ya fito ne daga Ingila a ƙarni na 17 da na 18, lokacin da masu ƙera jiragen yaƙin sarki suke yin samfuri, su bar ƙasansa ba rufi don a ga yadda aka jera haƙarƙarin jirgin. Da yawa daga cikinsu suna hannun gidan tarihin harkokin teku da ke Girinwic. Sun fi yin su a kan ma'aunin da ake rubutawa 1:48, ma'ana rubu'in inci ɗaya a jikin samfuri yana wakiltar ƙafa ɗaya a jikin jirgi.

Bari mu ɗauki jirgi ɗaya mu bi shi, domin a nan ne lissafin zai fito fili. Jirgin Victory na Ingila an tura shi ruwa a Catam a 1765, shi ne ya ɗauki Admiral Nelson a yaƙin Tarafalga a 1805, tun 1922 kuma yake ajiye a busasshiyar tasha a Fotsmot. An sare itatuwa kimanin 6,000 wajen gina shi, yana da igwa 104. Benen da manyan igwa ke zaune tsawonsa ƙafa 186 ne. A raba da 48, sai a sami inci 46 da rabi, wato santimita 118. Matuƙi mai tsawon mita 1.7 zai koma santimita uku da rabi. Igiyar anga, wadda kewayenta inci 24 ne, za ta koma zare mai kewayen rabin inci. A 1780 an lulluɓe ƙasan jirgin da fallayen tagulla 3,923 don kare katako daga tsutsar teku, kowane falle ƙafa 4 a tsaye, inci 14 a faɗi. Mai samfuri da ya ce sai ya yi daidai, sai ya yanka nasa fallayen, kowanne milimita 25 da milimita 7, ya liƙa su ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu yin haka. Wani likita Bature mai suna Nepean Longridge ya ƙera Victory a kan wannan ma'auni, ya kuma bayyana yadda ya yi a littafin da ya fito a 1955, wanda har yanzu masu wannan aiki suna komawa gare shi.

Aikin yakan fara ne daga zane. Mai ƙira zai kafa doguwar sandar ƙasa wadda ita ce ƙashin bayan jirgi, ya jera haƙarƙari a kanta, yana aunawa kada ɗaya ya karkace. Sa'an nan ya zo wurin da yawancin sababbin shiga ke karaya, wato rufe jikin jirgin da siraran katako. Dalilin wahalar shi ne cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi nesa ba kusa ba, alhali yawan layukan katakon da suka rufe cikin su ne za su rufe goshin. Saboda haka dole kowane katako ya riƙa tsukewa yayin da yake dosar gaba. Ana naɗa siririyar takarda a kan kowane haƙarƙari a auna kewayensa, a raba da yawan layuka, abin da aka samu shi ne faɗin katakon a daidai wannan wuri. Wanda ya ƙi yin wannan rabawa zai ga katakonsa suna hawa kan juna kafin ya kai rabi.

Lanƙwasa katakon kuwa aikin zafi ne da laima. A cikin itace akwai wani sinadari mai suna liginin wanda yake riƙe zaruruwan itacen kamar gam. In aka jiƙa katako aka gasa shi, ko aka turara shi, sai liginin ya yi laushi, zaruruwan su zame kaɗan a kan juna. In ya huce a lanƙwashe sai ya zauna a haka. Da wannan dabara aka lanƙwasa manyan katakon jirgin na ainihi. Sai dai ba da irin itacensu ake yin samfuri ba. An gina Victory galibi da itacen ok, amma ƙofofin jikin ok manya ne, a jikin ɗan samfuri sai su zama kamar ramuka. Don haka ake neman itace mai matsattsen jiki irin bokis da tuffa. Wanda zai gwada a nan ƙasar ya tuna da ƙofar ɗakinsa da ke kumbura da damina ta kuma saki da hunturu. Katakon da bai bushe sosai ba zai tsattsage a sanyin farko.

Igiyoyi su ne ƙarshe, su ne kuma ke cin ido. Victory yana ɗauke da igiya mai tsawon mil 26 da filafilai 37. Ana murza zare kauri daban-daban, a shafa masa kakin zuma don ya kwantar da gashinsa, a ɗaura da hantsaki.

Yanzu ga tambayar da ya kamata malamin lissafi ya kai aji. In an gama wannan samfuri daidai da jirgin ta kowace fuska, aka sa shi a tafki, zai yi tafiya kamar ubansa? Amsa ita ce a'a, iska kaɗan za ta kifar da shi. Tsawo ya ragu sau 48. Faɗin fili, kamar na filafilai, ya ragu sau 48 sau 48, wato 2,304. Nauyi kuwa yana bin tsawo da faɗi da zurfi ne gaba ɗaya, don haka ya ragu sau 48 har sau uku, wato 110,592. Jirgin mai nauyin tan 3,500 ya koma kilo 32 ke nan, filafilansa masu murabba'in mita kimanin 5,440 sun koma murabba'in mita biyu da 'yan kai. In aka kwatanta, kowane kilo na samfurin yana ɗauke da filafili ninki 48 na abin da kowane kilo na babban jirgin yake ɗauke da shi. Shi ya sa masu son nasu ya yi tafiya a ruwa suke rataya masa dalma a can ƙasa, abin da jirgin ainihi bai taɓa samu ba.

Wani injiniyan Ingila, William Froude, shi ya warware yadda za a karanta halin babban jirgi daga ƙarami. A farkon shekarun 1870 ya gina doguwar kwatarniyar gwaji kusa da garin Toki, inda yake jan samfura yana auna turjiyar ruwa. Ya nuna cewa in ana son igiyar ruwan da samfuri ke tayarwa ta yi kama da ta babban jirgi, sai a rage gudu da lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin. A 1:48 lambar ta kusa 7. Victory da ke iya kilomita 20 a sa'a, samfurinsa kilomita 3 ya kamata ya yi. Har yau da wannan ƙa'ida ake gwada jirage kafin a gina su.

Abin da rashin irin wannan sani ke jawowa ya bayyana a ƙasar Siwidin. An gina jirgin Vasa ba tare da zane ba, bisa gwargwadon da gwanaye suka gada, aka ɗora masa igwa 64, mafi yawansu a bene biyu. Kafin tashinsa an sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan don a ga tsayuwarsa. Bayan zagaye uku aka tsai da su, don jirgin yana neman kifewa, amma ba a fasa tafiyar ba. Ran 10 ga Agusta 1628, bai wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse da mutane wajen 30. Lissafin tsayuwar jirgi a ruwa bai fito a rubuce ba sai a 1746, a littafin Bafaranshe Pierre Bouguer. An ɗago Vasa a 1961. Bayan shekara 333 a ƙarƙashin ruwa katakonsa ya yi baƙi, don haka a gidan tarihinsa da ke Istokholm aka ajiye samfuri na 1:10 a gefensa, mai tsawon kusan mita 7, wanda aka shafa wa launukan da masana suka gano daga ɓurɓushin fenti a jikin katakon. A jikin wannan samfurin ne mai ziyara yake ganin ja da zinariya da mutanen birnin suka gani a ranar da jirgin ya bar gaɓa.