Fuska Mai Ganye da Adon Bangon Hausa: Abin Lura ga Rano da Kibiya

1.0 Gabatarwa

A tsofaffin majami'un Turai akwai wani irin sassaƙe da ake yi a jikin ginshiƙai da bakin ƙofofi, watau fuskar mutum wadda ganye ya lulluɓe, wani lokaci ma rassa na fitowa daga bakinta da hancinta. A yau masu zane na can suna ɗaukar wannan siffa su koya wa yara da manya a unguwanni. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana asalin wannan sassaƙe, a nuna takwararsa a ginin Hausa, sannan a duba abin da garuruwa irin Rano da Kibiya za su iya tsinta daga ciki.

2.0 Fuska Mai Ganye a Turai

Tun zamanin Rumawa ake sassaƙa irin wannan fuska, amma ta fi yawaita a gine-ginen ƙarni na 12 zuwa na 15. Akwai wata sananniya a babbar majami'ar Bamberg ta Jamus, ta ƙarni na 13, kuma a ɗan ɗakin ibada na Rosslyn da ke Sikotilan, wanda aka aza harsashinsa a 1446, an ƙirga fiye da 100. Sunan da aka san ta da shi a yau, wato Koren Mutum, Uwargida Raglan ce ta yaɗa shi cikin wata maƙala da ta buga a mujallar Folklore a 1939. Ta ɗauka cewa siffar wani abin bauta ne na maguzawan dauri, amma masana tarihi da yawa sun ƙi yarda da wannan ra'ayi, suna ganin ado ne na magina. Duk da haka sunan ya kama bakin jama'a. Tun daga lokacin mutane suka shiga bin gine-ginen garuruwansu suna neman fuskar, suna kwaikwayonta da yumɓu da takarda.

3.0 Me Ya Sa Babu Fuska a Bangon Bahaushe?

Wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Kano ko Zariya zai ga bango cike da zane, amma da wuya ya ga fuskar ɗan Adam. Dalili kuwa addini ne. Hadisai sun yi hani ga suranta abu mai rai, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai yin sura da ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Ke nan a cikin abubuwa biyu da Bature ya haɗa, maginin Hausa ya ajiye fuskar, ya riƙe ganyen da reshen, ya kuma ƙara da ƙulle-ƙulle da da'irori.

Fitaccen zane a nan shi ne dagi, wanda ya zama tambarin tsohuwar Jihar Arewa. Ana samun danginsa a ɗinkin babbar riga, da aikin dukanci, da sassaƙar ƙwarya, da zayyanar allo. Wannan ya nuna cewa magini da maɗinki da baduku daga rijiya ɗaya suke sha. Daɗin daɗawa, zanen bai tsaya cik ba: a littafin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa a 1963 game da gidajen Zariya, an ga yadda kayan zamani irin keke suka hau bango, kowane mai gida yana shelar abin da Allah ya hore masa.

4.0 Yadda Ake Aikin

Hanyoyi uku ne aka fi sani. Ta farko, magini ya ɗora ɗanyar ƙasa a kan yaɓe, ya murza ta da hannu har zanen ya taso. Ta biyu, ya tsaga zanen da wuƙa tun yaɓe bai bushe ba, hanyar da ta ƙara yaɗuwa bayan zuwan siminti. Ta uku, a shafa launi, kamar farar ƙasa ko shuɗi ko fenti. Wuraren da aka fi ƙawatawa su ne goshin zaure, da gefen ƙofa, da ƙarƙashin zanko, domin nan ne idon baƙo ke fara sauka.

Don kare bango daga ruwa ana shafa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko kuma laso. Shi laso haɗi ne na katsi, da gashin jima, da dafara. Katsi kuwa shi ne abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina. A nan Rano ta shigo, domin a labarin Hausa Bakwai ita da Kano ake kira sarakunan baba. Saboda haka, inda marina ta mutu katsi ya yi wuya, inda katsi ya yi wuya laso ya ɓace, bango kuma ya zama abin wasan damina.

5.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Bulo da kwano sun mamaye sababbin unguwanni, kuma 'ya'yan magina da yawa sun koma ginin siminti. Ko manyan gine-gine ba su tsira ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wani ɓangarensa ya rufta a watan Agusta na 2023, har aka rasa rayuka. Idan haka ta sami ginin da duniya ta sani, to ina ga zauren talaka a ƙauye?

Abin koyi daga Turawa shi ne ɗabi'ar ɗaga kai a dubi bangon gari, a ɗauke shi a matsayin makaranta. Dokar 2024 ta haɗa Rano da Kibiya da Bunkure ƙarƙashin masarauta ɗaya, don haka akwai inuwar da za a yi aikin a ƙarƙashinta. Da farko, ɗalibai su bi unguwa-unguwa da izinin masu unguwanni, su ɗauki hoton duk zanen da ya rage, su rubuta sunansa daga bakin tsofaffin magina, domin sunayen nan dukiya ce ta harshe. Na biyu, a gayyaci maginan zuwa makarantun firamare su koya wa yara murza ƙasa. Na uku, a ba matasa katangar makaranta ko ta asibiti su ƙawata da ganyen da suka sani, na ɗorawa da kuka da baba, tare da mata masu zanen lalle, waɗanda hannunsu ya riga ya saba da fure da reshe.

6.0 Kammalawa

An ga cewa fuska mai ganye ta rayu ne saboda an raɗa mata suna, an ƙirga ta, an kuma koya wa yara. Adon bangon Hausa yana bukatar waɗannan abubuwa uku. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Rano da Kibiya suna da nasu zanen a jikin zaure, kuma masu sanin sunayensa tsufa suke yi, saboda haka aikin ba na jinkiri ba ne.